Samma'ar Ammu Usman

Kunne na farko da na cika da siliko, robar nan mai taushi da ake ɗaukar ƙirar kunne da ita, nawa ne. Usta Fu'ad, Bamisiren da ya koya mini wannan aiki, ya ce ba zan taɓa kunnen kowa ba sai na san yadda abin yake a jikina. Ya miƙo mini madubi da sirinji, ya ce in fara tura auduga mai zare can ciki, kada siliko ya kai ga dodon kunne. Na tura, tari ya sarƙe ni har hawaye suka zubo. Ya ce, "Kwayyis, ya yi kyau. Yanzu kin san abin da tsoho zai ji. In ya motsa ba za ki daka masa tsawa ba."

Ina faɗa muku wannan ne, ku 'yan matan da ake turo mana horo daga kwaleji, domin kwanan nan na ji ɗayarku tana cewa aikin ƙalib ba wani aiki ba ne: a matsa, a jira, a zaro. Ƙalib shi ne ɗan abin nan da ake ƙerawa daidai ramin kunnen mutum, ya riƙe samma'a, wato na'urar ƙara ji, ya kai sauti ciki. In ya yi sako-sako, samma'a ta yi ta fito kamar butar shayi. In ya matse, kunne ya yi gyambo, mai shi ya jefa ta cikin aljihun tebur ya ce kurumtarsa ta fi masa. Tsakanin sako-sako da matsewa bai kai kaurin farce ba. A wannan ɗan fili na ci abincina har furfura ta fito mini.

Daga Chadi na zo Madina, na shiga iyada, wato ƙaramin asibitin kunne, da tsintsiya da bokiti. Ko alif ban sani ba. Launi na sani: ja na kunnen dama, shuɗi na hagu. Ina share ƙurar da ke zuba ƙarƙashin teburin Usta, ina satar kallon hannunsa. Da ya ga kallon ya yi yawa sai ya ce, "Ya Zara, ido kina da shi. Amma ba na koya wa wanda ba zai karanta takardar likita ba." Washegari na je makarantar manya ta mata a Harra ta Gabas na ba da sunana. Na haura arba'in a lokacin. Maƙwabciyata ta yi dariya, ta ce wai tsohuwa da allo. Na tambaye ta ko ita za ta riƙa ciyar da ni. Ba ta sake ba. Na koyi na Larabawa, na koyi na boko, har ga shi da hannuna nake rubuta muku.

Kayan aikina ba su cika jakar hannu ba. Fitilar leƙa kunne, auduga mai zare, siliko kala biyu da ake cuɗawa har su zama ɗaya, sirinji, ɗan injin huda mai bakuna siri-siri, samfefa, da bututun da nake sa wa a kunnena in saurari samma'ar mutum kafin in mayar masa. Wanda ba ya sauraron samma'a da kunnensa bai san abin da ya ba mutane ba. Sai kuma faranti na dabino. Kuna ganinsa a kan teburina kuna tsammanin na baƙi ne. In na sa wa mutum sabon ƙalib sai in ba shi dabino ya tauna, domin ramin kunne yana motsi da muƙamuƙi. Ƙalibin da ya zauna lafiya baki na rufe, yana iya tsalle waje a tsakiyar cin abinci.

Akwai abin da littafinku bai faɗa ba. Waɗanda suka ƙera samma'a kansu a buɗe yake. Mu nan kowa kunnensa a rufe: mace da ɗarha, wato mayafi, Basa'ude da shimag, ƙyallen da yake yafawa a kai, mutumin Sudan da imma, rawanin nan nasu fari mai yawa. Da zarar ƙyalle ya rufe samma'a, sautin da ya sulale ta gefen ƙalib sai ya dawo mata, ta kama fito. Wata tsohuwa ta daina zuwa sallar jam'i saboda duk ta yi sujada sai kunnenta ya yi kuka, mata su waiwayo. Shi ya sa ba na sallamar kowa sai ya ɗaura abin da ya saba ɗaurawa, ya hau darduma ya kai goshi ƙasa, ni kuma na tsuguna kusa da kansa ina saurare. In babu fito, a sauka lafiya.

Shekarar korona ce muguwar shekararmu. Da aka ɗaura takunkumi, mutanen da suka daɗe suna karanta leɓe ba su sani ba suka wayi gari ba sa jin kowa. Suna ta kiran waya, mu kuwa ba damar taɓa kunne. Siliko ya yanke, kaya ba sa shigowa. Tsofaffin ƙalibai nake karɓa a bakin ƙofa, in shafa musu wani rufi su ƙara kauri, in mayar. Igiyar takunkumi kuma ta yi ta fizge samma'a daga bayan kunne, mutum sai ya kai gida ya ga babu. A shekarar Usta ya koma ƙasarsu, ya bar mini bakunan injinsa a naɗe cikin hankici. Ƙalibai da dama da na gama suka yi ta jira a kan kanta, masu su ba su dawo ba. Ƙalib ba ya shiga kunnen wani in ba mai shi ba, don haka aka zubar da su.

Yawancin masu zuwa wurinmu magana suke nema. A ji jika, a ji huɗuba, a ji abin da mai kanti ya ce. Amma akwai wasu 'yan tsiraru da suka fi kowa ba ni wahala, kuma su na fi girmamawa: masu sauraron kiɗa. Ba makaɗa ba, masu sauraro. Mutanen da za su gina ɗaki guda don kunne kawai. Ban zo yin fatawa ba, akwai masu ita a garin nan. Aikina kunne ne, abin da mutum zai zuba a ciki tsakaninsa da Ubangijinsa.

Ammu Usman, wato Baffa Usman, 'yarsa Ihsan ce ta kawo shi, kusan da ƙarfi. Bahaushen Sudan ne, dogo, da farar jallabiya da imma. Ƙuruciyarsa duka a kan gyaran sauti ya ƙare ta, gidajen biki da rediyon mutane da amfilifaya. Abin da masu kuɗi suka yar don ya lalace, shi ya tsinta ya tayar, har ya haɗa ɗakin sauraro a gidansa da ke gefen wata gonar dabino a Awali. Ihsan a nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa.

Likitarmu a lokacin Dokta Rabi ce, Bakanuwa, mace mai haƙurin da ni ban da shi. Ta shigar da shi ɗakin gwaji, ta fito da shi, ta nuna masa cewa sauti mai kauri yana jinsa, amma siraran sun tafi daga kunnuwan biyu.

Ya ce, "Daktora, abin da kika ɗora mini a kai ne ba shi da kyau. Ina jin waya ta saki a ciki. Ki ba ni in duba miki."

Ta ce, "Baba, sabo ne."

"Sabo ai shi ya fi lalacewa. Ni matsalata allura ce. Allurar faifai ta yanzu ba ta fitar da sama, siririn sautin nan. Na sauya, na sauya wayoyi, na sauya takardar lasifika. Kayan zamani ne ba albarka."

Ni ina gefe ina cuɗa siliko. Na ce, "Ammu, gyare na kuka a gonarku?"

Ya ce, "Da dai. Feshin magani ya ƙarar da su."

Ihsan ta ce, "Wallahi ya Yaba, ma yihalluna nanam." Wato ba sa barinsu barci.

Ya dube ta, ya dube ni. Sannan ya ɗaga immarsa ya miƙo mini kunne. Mutum ne mai gardama, amma in hujja ta kama shi ba ya gudu.

Ba a jima ba ya dawo shi kaɗai. Ya ajiye samma'ar biyu a kan teburina, a naɗe cikin ƙyalle mai tsabta.

Ya ce, "Hajja Zara, aikinki ya yi. Ba ciwo, ba fito. Magana kuwa na ji ta. Matata na ji ta har na ƙoshi."

"To, alhamdu lillahi."

"Amma kun kashe kiɗa."

Na kira Dokta. Ya zauna ya yi mana bayani dalla-dalla, kamar mai ba da rahoton injin da ya buɗe. In mai sarewa ya ja sauti ɗaya ya riƙe, sai sautin ya kama rawar ɗari kamar mai masassara. In ganga ta shigo da ƙarfi, sai kowa ya sunkuya, kamar an danne su da hannu. Udu kuma, garayar nan ta Larabawa mai ƙaton ciki, ta koma gwangwani.

Ya ce, "In babu samma'a, rabin kiɗan babu. Da samma'a, duka yana nan amma gawa ne. Na kira wani dillali a Jidda. Ranar Asabar zai zo da mota ya kwashe ɗakin gaba ɗaya. Gara in tuna su yadda suke da in riƙa jin su a haka."

Ba kuka a muryarsa, ba neman tausayi. Ya zo ne ya yi godiya ya wuce.

Dokta ta ce, "Baba, abin da ka faɗa duk gaskiya ne, kuma ka faɗe shi fiye da yadda aka koya mini. Samma'a don magana aka yi ta. In ta ji sauti ɗaya ya daɗe, sai ta ɗauka fitonta ne, ta kama yaƙi da shi. In ta ji ƙara, sai ta matse ta don kada ta dame ka. Zan iya buɗe maka wani tsari daban na kiɗa, in kashe waɗannan duka. Amma in na kashe mai tsaron fito, babu abin da zai tare shi sai ƙalib."

Ta dube ni. Na ce, "Da imma a kansa?"

Ya ce, "Ba na zama gaban baƙina kai a buɗe."

Ga wuyar abin. Ƙalibin da zai tare fito dole ya shiga ciki sosai ya toshe. Amma in ya toshe gaba ɗaya, mutum sai ya ji kansa kamar a cikin tulu, kaurin kiɗa ya zama gurnani. Sai an bar hudar iska siririya. In ta yi faɗi, fito. In ta yi ƙunci, tulu. Kuma kunnen dama da na hagu ba su taɓa zama ɗaya ba ko a jikin mutum guda.

Dokta ta ce ita ba ta da abin auna kiɗa, ɗakinta na magana ne. Ya ce, "Abin aunawa yana gidana. Ku zo Alhamis bayan la'asar, lokacin majalisarmu." Ba al'adarmu ba ce bin mutum gida. Dokta ta yi ɗan tunani ta ce za mu zo. Ranar na sake ɗaukar ƙirar kunnuwansa, bakinsa a buɗe da ɗan abu tsakanin haƙora, na yi sababbin ƙalibai masu zurfi.

Ɗakin nan na Awali, ban taɓa ganin irinsa ba. Ba ado. Bango ya sha tabarmin kaba da tsofaffin kilisai don kada sauti ya yi tsalle. Lasifika biyu kowace kamar kabad, ya ɗora su a kan baƙin dutsen harra da ya sassaƙa da kansa. Amfilifayar tana da wasu ƙwayaye na gilashi da ke ja kamar garwashi, sai an kunna ta ta ɗumama kafin a fara. Faya-fayai a tsaye, ba ɗaya a kwance, wai kwanciya na lanƙwasa su. Kafin ya taɓa faifai sai ya wanke hannu ya tsane. Kafin ya ɗora allura sai ya kashe mukayyif, injin sanyaya ɗaki, domin gunjinsa na shiga kiɗa. A zafin Madina. Kowa ya yi ta gumi, ba mai ƙorafi. A tsakiyar ɗakin akwai kujera ɗaya tak, inda sautin lasifikan biyu ke haɗuwa. Ihsan ta raɗa mini cewa tun da aka haife ta ba ta ga kowa a kanta ba sai shi.

Abokansa tsofaffi suna zaune jikin bango da kofunan shayi. Babbansu a surutu Injiniya Lawal, Bazazzagi, wanda ya gaishe mu da cewa yau asibiti ta zo makaranta.

Dokta ta ce a fara sa faifan yadda suka saba ji, ba samma'a. Ammu ya ɗora allura.

Abin da ya fito ya soke ni har cikin haƙori. Dokta ta kai hannu kunne ba ta sani ba. Na waiwaya, sai ga tsofaffin nan idanu a lumshe, suna gyaɗa kai, Injiniya har da murmushi.

Na ce, "Ammu, kiɗa ne wannan ko wasa wuƙa ake?"

Injiniya ya ce, "Kin ji irinta. Haka yaran gidan nan suke cewa. An raine su da kiɗan waya, ba su da kunne."

Ihsan ta matso ta nuna mana maɓallin siririn sauti a jikin amfilifaya. An murɗa shi har ya kai bango, an kuma ƙara wani akwati a gefe don ya ƙara masa kaifi. Ba rana ɗaya aka yi ba. Duk bayan wani lokaci ɗayansu zai ce sama ta yi ƙasa, sauran su saurara su ce haka ne, sai a murɗa kaɗan. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi kara. Tare suka tsufa, tare siririn sauti ya riƙa barinsu, kuma kowa shaidar ɗan'uwansa ne. Matar gidan da 'ya'yan suka daina shiga ɗakin, majalisa ta yanke musu hukuncin rashin kunne. Shi Ammu nasa ya riga na kowa nisa, har maɓallin ya ƙare bai ƙoshi ba.

Ammu ya tsaya a kan maɓallin yana kallonsa. Shi da kansa ya mayar da shi tsakiya, ya zare wayar ƙaramin akwatin. Na sa masa sababbin ƙalibai, ya gyara immarsa a kansu, ya zauna a kujerarsa. Dokta ta zauna a ƙasa da kwamfuta a cinya.

Injiniya ya ce, "To yanzu kam an lulluɓe makaɗan da bargo."

Ammu bai buɗe ido ba ya ce, "Lawal, kai ma kurma ne. Yi shiru."

Abin da na gani bayan wannan shi ya sa nake cewa ina girmama mutanen nan. Faifai ɗaya ya zaɓa, wanda ya sani kamar tafin hannunsa, aka yi ta maimaita wuri guda. Bai san sunan ko ɗaya daga abubuwan da ke cikin kwamfutar Dokta ba, bai kuma nemi ya sani ba. Cewa yake, "Mai mandiri yana bayan mai udu, ta hagu. Kin jawo shi gaba, mayar da shi." Dokta ta taɓa wani abu. "Ya koma. Yanzu mai sarewa. Akwai inda yake jan numfashi kafin ya shiga, ban ji ba." Ta taɓa. "Ga shi nan. Ya yi yawa, kamar mai asma. Rage." Mutum ya riƙe numfashin wani a kansa tun yana saurayi, yana auna na'ura da shi. Dokta ta ce mini daga baya ta yi kwasa-kwasai ba ta ƙaru kamar wannan yammacin ba.

Da ta kashe mai tsaron fito, sarewa ta daina rawar ɗari, amma kunnen hagu ya kama kuka ƙarƙashin imma. Na zare ƙalibin na fita bakin ƙofa, na cike hudar iskar na sake huda ta da bakin da ya fi siranta. Na dawo, fito ya mutu. Sai ya ce dama ta yi tulu. Na fita da na daman na buɗa shi kaɗan, abin da bai kai gashin kai ba, na goge bakin. Haka na yi ta shiga da fita, takalmina a bakin ƙofa, ƙurar ƙalib a kan abayata. Aka kira magariba, maza suka tafi masallacin gona, mu muka yi tamu a cikin gida. Matar gidan ta ce da ni in faɗa mata gaskiya, in za a kwashe kayan ɗakin ta sani. Na ce mata ban sani ba tukuna.

Bayan salla aka ɗora daga farko. Udu ya shigo, na ga yatsun Ammu sun fara motsi a hannun kujera. Ganga ta faɗo da ƙarfinta, ba wanda ya sunkuya. Ni ba gwanar kiɗa ba ce, amma na ji itacen udun, na ji kamar mai shi yana zaune tsakanin lasifikan biyu. Ba wanda ya kurɓi shayi.

Can wajen ƙarshe sai ya ɗaga hannu. Ya tashi ya mayar da allura baya kaɗan, ya koma ya zauna.

Ya ce, "A nan, in kowa ya yi shiru, mai mandiri yana girgiza 'yan kacau-kacau na jikinsa a hankali. Ba su fito ba."

Dokta ta ƙara. Aka maimaita. Babu. Ta ƙara, ya yamutsa fuska ya ce yana suka, kuma har yanzu babu.

Ta rufe kwamfutar. Ta ce, "Baba, ba zan yaudare ka ba. Wannan wurin ya tafi daga kunnen. Babu samma'ar da za ta dawo da shi, ko a wace ƙasa aka ƙera ta. Abin da ka ji yanzu, iyakar abin da za mu iya ke nan."

Ku lura da wannan, 'yan mata. Da ta so, sai ta ce a bari kunne ya saba. Ba ta ce ba. Mutumin da ya faɗa maka gaskiyar abin da yake ji, ba a biyansa da ƙarya.

Ammu ya zauna yana kallon faifan da ke juyawa. Sannan ya miƙe daga kujerar, ya kira 'yarsa da ke tsaye a bakin ƙofa.

"Ihsan, zo ki zauna nan."

Ta ce, "Hina, Yaba?" Wai a nan?

"Nan na ce."

Ta zauna a bakin kujerar kamar wadda ke tsoron za ta karye. Ya mayar da allura, ya tsaya a bayanta. Wurin ya zo ya wuce.

Ya ce, "Suna nan?"

"Maujudin, Yaba." Wato suna nan.

"Yaya suke? Da Hausa za ki faɗa mini."

Ta yi ta laluben kalma. Ta ce, "Kamar ruwa... in yana ɗiga a kwano. Kaɗan-kaɗan. Daga nesa."

Ya gyaɗa kai. "Haka suke. Hagu ko dama?"

"Hagu."

"Hagu ne." Ya ɗaga allurar, ya riƙe faifan ta gefe da tafukan hannunsa, ya duba shi a haske. "To, suna nan. Ni ne ba na nan."

Ya juya faifan ɗaya gefen.

Ya ce, "Ki kira mutumin Jidda, ki ce kada ya ƙona mansa. Kuma daga yau maɓallin nan ba mai taɓa shi sai ke. Ko ni na ce ki murɗa, kada ki murɗa. Je ki kira uwarki."

Ihsan ta tashi za ta ba shi kujera, ya ce in ta dawo ita za ta ƙarasa wannan gefen, shi ya zauna a kanta ya isa. Matar ta shigo tana gyara ɗarha, ta sami wuri kusa da ni. Ammu ya zauna jikin bango cikin abokansa, Injiniya ya matsa masa.

Na riga na tattara kayana a jaka, Dokta ma ta rataya tata, mai mota yana jiranmu a bakin gona. Ammu ya ɗora allura, ya yi mana nuni da hannu mu zauna. A ɗakin nan ba a tashi kiɗa na tafiya. Muka zauna cikin gumi har faifan ya ƙare.